Matan da suka riƙe alƙalami a waƙar kantiri

A shekarar 1952 wani mawaƙin Amurka, Hank Thompson, ya fito da waƙar "The Wild Side of Life", ta yi makonni 15 tana kan gaba a jadawalin waƙoƙin kantiri. Kukan wani mutum ne da macen da ya so ta guje shi ta koma yawon gidajen rawa, laifin kuwa duka a wuyanta aka rataya shi. Ba a jima ba sai ga raddi daga bakin Kitty Wells, matar aure mai 'ya'ya uku, wadda a lokacin har ta fara tunanin jingine waƙa ta zauna a gida. Ladan dala 125 da ake biya a zama guda ne ya kai ta ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Decca. Saƙon raddin bai da tsawo: da yawa cikin matan da ake zagi da lalacewa, mazan da suka ci amanarsu ne suka jefa su a wannan hali. Gidan rediyon NBC ya ƙi sa waƙar. Shirin Grand Ole Opry na birnin Nashville, wanda shi ne babban dandalin wannan kiɗa, ya hana ta rera ta na wani lokaci. Jama'a dai suka yi ta sayen faifan, har Kitty Wells ta zama mace ta farko da ta hau matsayi na ɗaya ita kaɗai a jadawalin kantiri na mujallar Billboard.

Sai dai wanda ya rubuta raddin namiji ne, J. D. Miller na jihar Louisiana.

Daga nan batun ya samo asali. Muryar mace ba ta taɓa zama baƙuwa a wannan kiɗa ba. Abin da aka daɗe ana ja-in-ja a kansa shi ne wa ke rubuta abin da muryar za ta faɗa, wa ke mallakar waƙar bayan an rubuta ta, wa kuma ke tsaron ƙofar da za ta bi ta isa kunnen jama'a.

Kantiri kiɗan talakawan kudancin Amurka ne, na manoma da mahaƙa kwal da direbobi. Ya haɗo tsofaffin waƙoƙin da baƙi daga Ingila da Sikotilan da Ayalan suka zo da su, da waƙoƙin coci, da kiɗan baƙaƙen fata. Manyan kayansa jita da goge da banjo. A Najeriya ma ba baƙo ba ne, domin duk wanda ya girma da kaset ya san muryar Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton. Kusa da shi akwai danginsa da ba su cika shiga kasuwa ba, wato waƙoƙin gargajiya na tsaunukan Appalachia, da salon bluegrass, da abin da yanzu ake kira Americana.

Tun ranar da aka fara kasuwancin wannan kiɗa mata na tsakiyarsa. A 1927, a garin Bristol da ke kan iyakar Tennessee da Virginia, wani wakilin kamfanin Victor mai suna Ralph Peer ya ɗauki muryar wasu mutum uku 'yan gida ɗaya, iyalin Carter. Sara ce ke jan waƙar. Maybelle, 'yar shekara 18 da tsohon ciki, ita ke kaɗa jita da wani salo nata: babban yatsa na fitar da karin waƙar a kan kauraran tsirkiyoyi, sauran yatsu na riƙe da kiɗan. Makaɗan jita ba adadi sun koyi wannan salo daga faya-fayanta. Amma in aka duba takardun mallaka, sunan A. P. Carter, mijin Sara, shi ne a kan kusan dukkan waƙoƙin, har da waɗanda ya tsinto a ƙauyuka tare da wani makaɗi baƙar fata, Lesley Riddle.

Wasu matan kuwa sun yi rubutunsu ne nesa da kamfani. A 1931, lokacin yajin aikin mahaƙa kwal a gundumar Harlan ta jihar Kentucky, 'yan sandan yankin suka kutsa gidan Florence Reece suna neman mijinta, wanda yake jagoran ƙungiyar ƙwadago. Bayan sun fita ta yago shafin kalanda ta rubuta "Which Side Are You On?", waƙar da har yau ma'aikata ke rerawa a wuraren zanga-zanga. Elizabeth Cotten, baƙar fata daga North Carolina, bahaguwa ce, don haka ta juya jitar sama a ƙasa ta koya wa kanta. Tun tana yarinya ƙarama ta tsara "Freight Train", sannan ta yi shekaru da dama tana aikatau ba ta taɓa jita. Sai da ta fara aiki a gidan Seeger, gidan masana kiɗa, aka gane ko wace ce. Ta karɓi lambar Grammy a 1985, ta riga ta haura shekara 90.

Akwai kuma wadda ta zaɓi ta zauna a bayan labule. Cindy Walker ta jihar Texas ta yi shekaru a ƙaramin garin Mexia tana buga baitoci a tafireta, mahaifiyarta na bin ta da piyano, lokaci-lokaci su tafi Nashville su tallata abin da suka tara. Bob Wills da Eddy Arnold da Jim Reeves da Roy Orbison duk sun rera waƙoƙinta. Masu saurare da yawa sun haddace su ba tare da sanin mace ce ta rubuta ba, domin a bakin maza suka ji su.

Wadda ta haɗa alƙalami da murya, ta kuma fasa ƙwai da su, ita ce Loretta Lynn. An haife ta a 1932 a wani lungu da ake kira Butcher Hollow a Kentucky, mahaifinta mahaƙin kwal. Aka yi mata aure tana da shekara 15, kafin ta cika 21 tana da 'ya'ya huɗu. Mijinta ya sayo mata jita ta dala 17, ta koya wa kanta tsakanin wanki da girki. A 1960, da faifanta na farko ya fito a wani ƙaramin kamfani, ita da mijin suka shiga mota suna bin gidajen rediyo ɗaya bayan ɗaya suna roƙon a sa shi.

Abin da ta kawo sabo shi ne ciki da bayan gidan aure, daga bakin wadda ke zaune a ciki. Ta rubuta waƙa a kan mijin da ke dawowa a buge tsakar dare yana neman a yi masa fara'a. Ta rubuta gargaɗi mai zafi ga macen da ke zagayen mijinta. A 1966 ta fitar da waƙarta "Dear Uncle Sam", kukan matar da aka ɗauke wa miji zuwa yaƙin Vietnam, a lokacin da mawaƙan kantiri ba su cika taɓa wannan yaƙi ta fuskar asara ba. A "Rated X" ta 1972 ta yi magana a kan kallon da ake yi wa bazawara, yadda maza ke ɗaukarta banza ta faɗi, mata kuma na yi da ita. Wannan batu ba ya bukatar fassara ga mai karatu a Kano ko Damagaram. Wata waƙar da ta rera a kan ƙwayar tsarin iyali, kamfaninta ya riƙe ta shekara uku kafin ya sake ta a 1975, gidajen rediyo da dama kuma suka ƙi sa ta.

Loretta ba ta taɓa ɗaukar kanta 'yar gwagwarmayar mata ba, kuma ta zauna da mijin nan nata mai shaye-shaye har mutuwarsa a 1996. Wannan ne ma ya sa matan karkara suka yarda da ita: ba daga jami'a take yi musu bayani ba. A 1972 ta zama mace ta farko da ƙungiyar kiɗan kantiri ta CMA ta ba kambun gwarzon mawaƙin shekara. Ta rasu a 2022 tana da shekara 90.

Don a fahimci darajar alƙalami sai an san yadda kuɗi ke tafiya a wannan sana'a. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin waƙar kanta, wato baitoci da kari, wanda ke hannun marubuci da kamfanin da ke kula masa da ita. Akwai kuma haƙƙin sautin da aka ɗauka, wanda galibi kamfanin faifai ke riƙewa. A Amurka, idan gidan rediyon AM ko FM ya sa waƙa, marubuci ne ake biya ta hannun ƙungiyoyi irin su BMI da ASCAP. Wanda ya rera ba ya samun ko sisi daga wannan sawa. Haka nan duk wanda ya sake rera waƙar, ko bayan shekara hamsin ne, sai ya biya mai ita. Marubuci shi ne mai gona, mawaƙin da ba ya rubutu kuwa ɗan ƙodago ne, komai daɗin muryarsa.

Ba wanda ya gane wannan da wuri kamar Dolly Parton. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, an haife ta a 1946 a tsaunukan gabashin Tennessee, kuma washegarin ranar da ta gama sakandare a 1964 ta hau bas zuwa Nashville. A matsayin marubuciya ta fara samun shiga, ta kuma kafa kamfanin kula da waƙoƙi tare da kawunta Bill Owens tun tana da ƙuruciya. A 1967 ta shiga shirin talabijin na Porter Wagoner, wanda ya fito da ita duniya, ya kuma so ya ci gaba da juya ta yadda yake so. Da ta yanke shawarar rabuwa da shi, sai ta rubuta masa sallama a waƙe, "I Will Always Love You", wadda ta fito a 1974.

Elvis Presley ya so ya rera ta. An kusa shiga ɗakin ɗauka sai manajansa, Kanar Tom Parker, ya kawo sharaɗin da suka saba gindaya wa marubuta: a ba su rabin haƙƙin mallaka. Dolly ta ce atafau. Ta sha faɗi cewa ta yi kuka a kan wannan shawara, domin babu marubucin da bai so ya ji waƙarsa a bakin Elvis ba. Bayan shekara 18 Whitney Houston ta rera waƙar a fim ɗin The Bodyguard na 1992, ta yi makonni 14 a matsayi na ɗaya a Amurka, ta zagaye duniya, kason marubuci kuwa gaba ɗayansa ya shiga hannun Dolly.

Gashin kanti da kwalliya sun sa mutane da yawa sun makara wajen gane irin marubuciyar da take. "Coat of Many Colors" labarin rigar da mahaifiyarta ta ɗinka mata ce da ƙyallaye, yara suka yi mata dariya a makaranta. "Down from Dover" ta 1970 labarin budurwar da aka yi wa ciki aka gudu ne, danginta suka kore ta, jaririyar kuma ta zo babu rai. Waƙa ce mai nauyin da rediyon wancan zamani bai iya ɗauka ba. A "Jolene" mace ce ke roƙon wadda ta fi ta kyau da ta bar mata mijinta, ba zagi ba barazana, kuma wannan rashin ƙarfi da aka faɗa a fili shi ne ƙarfin waƙar. Daga dukiyar da ta tara ta kafa shirin aika wa yara littattafai kyauta a 1995, saboda mahaifinta bai iya karatu ba.

A tsakanin waɗannan manya biyu akwai Bobbie Gentry ta Mississippi, wadda "Ode to Billie Joe" ɗinta ta ture Beatles daga matsayi na ɗaya a 1967. Iyali ne ke cin abinci suna zancen wani saurayi da ya faɗa kogi daga kan gada, suna miƙa wa juna kwano, ba wanda ya lura 'yarsu ta kasa kai loma. Ta ci Grammy uku, ta yi wasu shekaru tana haskawa, a farkon shekarun 1980 ta janye daga idon jama'a ba ta sake fitowa ba. Hazel Dickens ta West Virginia kuwa ta rubuta "Black Lung" bayan ciwon huhun mahaƙa kwal ya kashe ɗan'uwanta.

Shekarun 1990 sun yi kamar an gama magana. Mary Chapin Carpenter na rubuta nata tana sayar da miliyoyi. Matraca Berg na rubuta wa wasu. Shania Twain, 'yar Kanada, ta rubuta kundin Come On Over na 1997 tare da mijinta na lokacin, ya zama ɗaya daga cikin kundayen da aka fi saye a tarihin kowane irin kiɗa. Sai dai a daidai wannan lokaci ne aka sauya ƙofar. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani guda zai iya mallaka a faɗin ƙasar, cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tara tashoshi sama da 1,000. Irin tafiyar da Loretta ta yi a 1960, tana shawo kan mai gabatar da shiri a gari-gari, ta daina aiki. Mutane ƙalilan a ofis suka koma zaɓa wa ƙasa guda abin da za ta ji.

Ƙarfin wannan ƙofa ya fito fili a watan Maris na 2003. Ƙungiyar Dixie Chicks, mata uku daga Texas, na da waƙa a matsayi na ɗaya lokacin da jagorarsu Natalie Maines ta faɗa a wani wasa a Landan, ana gab da mamaye Iraƙi, cewa suna jin kunyar Shugaba Bush ɗan jiharsu ne. Kamfanin Cumulus ya hana sa waƙoƙinsu a tashoshinsa na kantiri, wasu suka bi sahu, aka tara faya-fayansu aka tattake, aka yi wa Maines barazanar kisa. Amsar da suka bayar a rubuce ce: "Not Ready to Make Nice", wadda suka tsara tare da Dan Wilson. A 2007 suka kwashi Grammy biyar. Rediyon kantiri dai bai sake karɓarsu kamar da ba.

A watan Mayun 2015 wani mai ba gidajen rediyo shawara, Keith Hill, ya faɗi a fili abin da aka daɗe ana yi a ɓoye. Ya shaida wa mujallar Country Aircheck cewa tashar da ke son masu saurare ta rage mata, kada ta sa waƙoƙin mata biyu a jere, domin a kwanon salak maza ne latas, mata kuwa tumatir ne da ake ɗan yayyafawa. Hujjarsa ita ce yawancin masu sauraren mata ne, kuma wai sun fi son muryar maza. Mawaƙa irin su Martina McBride da Miranda Lambert suka yi masa ca. Binciken Jada Watson ta Jami'ar Ottawa ya zo ya nuna girman abin: kason mata a jerin waƙoƙin da rediyon kantiri ya fi sawa a shekara ya faɗo daga kusan kashi 33 cikin 100 a 2000 zuwa kusan kashi 11 a 2018. A Disamban 2018 ma an yi makon da babu mace ko ɗaya a 20 na farko a jadawalin rediyo na Billboard.

Hujjar Hill tana cin kanta. Kunne abin da ya saba ji yake so. In an rage sa mata, sai masu saurare su rage saninsu, gwajin ra'ayi ya nuna ba a san su ba, kamfanoni su rage ɗaukarsu, a ƙarshe a ce ai ba su da yawa. Abin da ya fi ciwo shi ne a cikin shekarun nan mata ba su daina rubuta manyan waƙoƙin ba. Lori McKenna, uwar 'ya'ya biyar da ke zaune a wani ƙaramin gari a Massachusetts, ita kaɗai ta rubuta wa 'ya'yanta "Humble and Kind". Tim McGraw ya rera, ta zama waƙar shekara ta CMA a 2016. Kacey Musgraves ta lashe Grammy ta kundin shekara a 2019 da Golden Hour, alhali rediyon kantiri bai ba shi wani wuri ba. Taylor Swift, wadda ta samu kwantiragin rubutu a Nashville tana da shekara 14, ta ga an sayar da sautin kundayenta shida na farko a 2019 ba da son ranta ba. Da yake ita ce marubuciyar, doka ta ba ta damar sake ɗaukarsu, ta sake huɗu daga ciki, a 2025 kuma ta saye na asalin.

Ga mata baƙaƙen fata ƙofar biyu ce. Tun shekarun 1920 kamfanoni suka raba kasuwa, faya-fayan farare daban, na baƙaƙe daban, duk da cewa banjo kanta bayi ne suka ƙera ta a yankin Karibiyan da Amurka bisa tsarin kayan kiɗan Afirka ta Yamma masu ƙoƙo da fata, dangin gurmi da molo. Linda Martell ta hau dandalin Opry a 1969, baƙar mace ta farko da ta yi haka, ta fitar da kundi ɗaya a 1970, daga nan aka rufe mata hanya. Alice Randall, ita ma baƙar mace, ta sa hannu a rubuta waƙar kantiri mai lamba ɗaya a 1994. A 2023 Luke Combs ya sake rera "Fast Car", wadda Tracy Chapman ta rubuta ta rera a 1988, sai ga Chapman ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar waƙar shekara ta CMA, bayan shekara 35, ta bakin farar fata namiji. Beyoncé ta hau kan jadawalin kantiri a 2024, CMA ba ta sa sunanta a ko rukuni ɗaya ba, Grammy kuwa ta ba kundinta Cowboy Carter kyautar kundin kantiri mafi kyau da kundin shekara a 2025.

Wadda ta kaɗa banjo a waƙar da ta kai Beyoncé kan jadawalin ita ce Rhiannon Giddens ta North Carolina, kuma aikinta ya fi wannan zurfi. Takan tono tsofaffin takardu ta mai da su waƙa. "At the Purchaser's Option" ta 2017 ta samo ta daga tallar sayar da wata baiwa a jarida, inda aka bar wa mai saye zaɓin ya haɗa da jaririnta ɗan wata tara ko ya bar shi. A 2019 ta haɗu da Allison Russell da Leyla McCalla da Amythyst Kiah, mata huɗu baƙaƙe masu banjo, suka yi kundi guda. A 2023 ta ci kyautar Pulitzer tare da Michael Abels saboda wasan waƙa a kan Omar ibn Said, malamin Musulunci daga Futa Toro da aka sayar a Carolina, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831.

Giddens ba ta jira rediyon Nashville ba, kuma yawancin marubuta mata masu ƙarfi a yau haka suke yi. Lucinda Williams ce ta share wannan hanya: kamfanonin Los Angeles suka ce ta cika kantiri, na Nashville suka ce ta cika rok, sai Rough Trade, wani kamfanin Ingila, ya fitar da kundinta na 1988, wanda daga cikinsa "Passionate Kisses" ta jawo mata Grammy a 1994. Gillian Welch da Iris DeMent da Brandi Carlile sun bi ta bukukuwan kiɗa da ƙananan dandali da kamfanoni masu zaman kansu. Hanya ce mai 'yanci, amma kuɗinta bai kai na babbar kasuwa ba, kuma wahalar yawonta ta fi faɗa wa mace mai goyo. A cikin babbar kasuwar, bayan Taylor Swift a 2011 sai da aka yi shekara 12 kafin wata mace, Lainey Wilson, ta sake karɓar kambun gwarzon shekara na CMA a 2023. A gefe guda Molly Tuttle ta zama mace ta farko da ƙungiyar bluegrass ta duniya ta zaɓa gwanar jita ta shekara a 2017. Sierra Ferrell ta West Virginia, wadda ta yi shekaru tana waƙa a bakin titi a New Orleans da Seattle kafin bidiyoyinta su bazu a YouTube, ta tashi da Grammy huɗu a dare ɗaya a watan Fabrairun 2025.